Bikilin da ya ƙi sirdi: abin da ya faru a wata barga tsakanin Sallah da Sallah

Kwana huɗu da gama hawan ƙaramar Sallah aka aiko mini daga wata barga a cikin birnin Kano, can wajen Ƙofar Na'isa. Saƙon gajere ne: ingarman Alhaji ya lalace. Ya yi tutsu ya watsar da yaron da ya fita da shi kilisa, ya kai wa muri, wato mai kula da shi, cizo a dantse lokacin da yake jan majayi, kuma yanzu ko sirdin ya hango an ɗauko sai ya kwantar da kunne ya juyo da kuturi. A gidan ra'ayi ya rabu uku. Wasu sun ce gero ne ya yi masa yawa, wasu sun ce baki ne ya kama shi saboda yadda ya ɗauki ido ranar Daushe, ɗan Alhaji na fari kuwa cewa ya yi bulala ce ba ta ishe shi ba.

Ni ba likitan dabbobi ba ne, kuma ina faɗin haka tun a ƙofar kowace barga. A cikin dawaki na tashi, na yi shekaru ina kula da na folo, a can na koyi tausa a hannun mutanen da ke rako dawakin Ajantina, sauran kuma na cike da karatu da tambayar likitoci. Na rubuta wannan lamari ne dalla-dalla domin irinsa ya cika gari, ana ta sayar da dawakai masu kyau da arha da sunan sun yi mugun hali.

Dokin da yadda ake riƙe da shi

Bikili ne, wato jan doki mai baƙar geza, haƙoransa sun nuna shekara tara ko kusa da haka. A kasuwar Maigatari aka sayo shi shekara uku kafin nan. Irin dawakinmu ne na nan yankin, matsakaicin tsayi, siririn ƙirji, mai ƙafa kamar ƙarfe. Abincinsa harawa da dusa da gero, da kanwa lokaci-lokaci. Yana yini a turke, a kwana a turke. Fitarsa ɗaya ce a mako, yammacin Juma'a, sai in an yi biki. Da azumi ya kai tsakiya sai a ninka masa gero don ya yi ƙiba ya yi sheƙi, sannan a ɗora masa kaya ranar idi, washegari Daushe, washegari Nassarawa. Kowace rana sa'o'i ne masu yawa, rabinsu a tsaye cikin cunkoso da rana, sauran a kan kwalta, ga bindigar 'yan baka, ga kalangu, ga mahayi yana ta zungurin ƙaimi yana jan linzami don doki ya yi rawa.

Ka ɗauki mutumin da ya shekara a zaune a shago, ka ɗora masa buhun masara ka ce ya zagaya ganuwa kwana uku a jere yana taka rawa. Abin da muke yi wa dawakin hawa ke nan, kuma yawancinsu suna jurewa, shi ya sa ba mu gani.

Abin da ido ya gani da abin da hannu ya ji

Na fara da tsayawa nesa ina kallonsa kawai. Ƙiba akwai ta, amma a ciki da wuya take. Gadon bayansa ya rame, akwai rami a kowane gefe na tudun kafaɗa, wato wurin nan da geza ta ƙare baya ya fara. A cikin ramukan akwai farin gashi kamar faɗin tafin hannun yaro, na hagu ya fi girma. Muri, dattijo ne da ya haura sittin, ya ce ai ado ne Allah ya yi masa. Na ce, "Baba, da shi aka sayo shi?" Ya yi shiru, sannan ya ce a'a, bara ya fito. Farin gashi a wurin zaman sirdi tabo ne. Matsi ne ya daɗe yana hana jini isa ga fata har gashin ya daina fitowa da launinsa.

Tsokar ƙasan wuyansa ta kumbura ta yi tauri, ta saman wuyan kuwa ba ta da auki. Dokin da ya shekara yana cije linzami da kai a sama haka wuyansa ke komawa. Da aka ja shi a tsakar barga na ga ƙafafun baya ba sa isa sawun na gaba, yana ɗan jan bakin kofato a ƙasa, wutsiya a matse. Juyawa dama yana yi ba laifi, juyawa hagu kuwa kamar an juya katako.

Kafin na taɓa shi na auna zafin jiki, 37.9, bugun zuciya 36 a minti. Lafiyayyen doki a huce yana tsakanin 37.5 da 38.5, bugu kuma tsakanin 28 da 44. Ba a yi wa doki mai zazzaɓi tausa, ba a yi a kan sabon kumburi mai zafi, ko miki, ko makero, ko ƙurajen nan da ke bin jijiya suna fashewa. Babu ko ɗaya a jikinsa.

Na tsaya daidai kafaɗarsa, inda harbi ba ya samun mutum sosai, na bi da tafin hannu daga bayan kunne zuwa kuturi. Ina isa bayan kafaɗa fatar ta fara rawa kamar ƙuda ya sauka. Na danna da yatsu uku, da ƙarfin da bai wuce na gwada nunar mangwaro ba, sai ya lotsa baya ya yi ƙasa har muri ya ce "subhanallahi". Daga nan har kwankwaso tsokar a ɗaure take kamar igiyar guga, kuma a daidai inda haƙarƙari ya ƙare akwai wani ƙulli a hagu da ya sa ya ɗaga ƙafa zai yi harbi. Bayan gwiwar hannunsa, inda majayi ke bi, nan ma ba ya so a taɓa. A baki kuwa kusurwar leɓɓansa duk tabo ne, dasashin da linzami ke kwanciya a kai ya yi kanta.

Na ce wa Alhaji ba zan fara ba sai likita ya gani. Bai ji daɗi ba, don a ganinsa kuɗi biyu zai kashe a kan abu ɗaya. Amma ciwon baya a doki sau da yawa ɗan aike ne. Ƙafa ce ke ciwo, doki ya karkata jiki don ya sauƙaƙa mata, baya ya ɗauki wahalar. In haka ne ko shekara ka yi kana tausa aikin banza ne. Likitan ya zo, ya sa aka yi sassarfa da dokin a ƙasa mai tauri, ya lanƙwasa gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya, ya matse kofatai da abin matsewa, ya ɗebi jini saboda cutar kaska. Babu ɗingishi, jini lafiya. Ya danna ƙasusuwan tsakiyar baya, dokin bai damu ba sosai, ciwon yana tsokar gefe da gefe. Abin da ya samu shi ne turamen haƙori sun yi kaifi sun yanka kumatu ta ciki. Muƙamuƙin doki na sama ya fi na ƙasa faɗi, haƙoran kuma ba sa daina tsirowa, don haka gefen da ba ya gogar ɗan'uwansa sai ya zama wuƙa. Ya goge su. Ya kuma hana muri allurar kashe ciwo da yake saya a kemis yana yi wa dokin kafin kowane hawa, wadda ashe ita ta rufe mana maganar tun bara.

Sirdin

Na ce a kawo sirdin tsirara, ba jalala ba tsumma. Sirdi ne na katako, aiki mai kyau, gadon mahaifin Alhaji, wanda aka sassaƙa wa wani ƙaton akawal da ya mutu tuntuni. Da na ɗora shi a bayan bikilin sai gabansa ya zurma ya kwanta a kan tudun kafaɗa, bayansa ya zarce har kan kwankwaso, tsakiya kuma hannuna na shiga ya fita ba ya taɓa komai. Wato duk nauyin mahayi a wuri huɗu yake sauka, biyu gaba biyu baya, daidai farin gashin nan da daidai ƙullin nan. Tsummokaran da ake cusawa don cike gurbin sun sha gumi sun bushe sun zama kamar ƙanzo.

Sai muka yi lissafi. Ana kimanta nauyin doki da awon tela: a auna zagayen ƙirji a ninka shi da kansa, a ninka da tsawon jiki daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen kuturi, a raba da 11,877, duk a santimita. Ƙirjinsa 168, tsawo 152, ya ba mu kilo 360 da ɗan ɗoriya. Ƙa'idar da masu dawaki suka fi bi ita ce kada abin da ke bayan doki ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, wato kilo 72 ga wannan. Muka kai sirdi da likkafun tagulla da jalala da sauran kayan ado kan sikelin wani mai sayar da hatsi a bakin layi, kilo 21. Alhaji da kansa ya ce shi 92 ne, ban da manyan riguna da alkyabba. Jimla 113, kusan kashi ɗaya cikin uku.

Alhaji ya ce, "To Malam, kakanninmu da suka hau da lifidi da sulke fa?" Tambaya ce mai kyau. Tun zamanin Sarkin Kano Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, tarihi ya nuna an shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Na ce, "Ranka ya daɗe, dokin lifidi zaɓarsa ake yi don girma, kuma kullum yana kan aiki. Naka siriri ne, kuma kwana shida a mako a turke yake." Aka ce ana barin jaki a daki taiki. A wannan barga taikin ne mai laifi, jakin ake ta duka.

Baka da tsarkiya

Muri ne zai ci gaba da aikin bayan na tafi, don haka sai da na tabbatar ya ga abin da ke ƙarƙashin fata. Na ɗauki alli na zana a jikin dokin. Wuya gaɓa 7, kamar na mutum. Baya mai haƙarƙari gaɓa 18, kowace da haƙarƙarinta hagu da dama. Kwankwaso gaɓa 6, wani dokin 5, kuma babu haƙarƙarin da ke tallafe da su, shi ya sa ba a yarda sirdi ya wuce haƙarƙari na ƙarshe ba. Sai gaɓa 5 da suka manne suka zama ƙashi ɗaya a ƙugu, sannan wutsiya. Kowace gaɓar baya tana da ƙashi a tsaye kamar haƙorin matsefi, mafi tsawo su ne suka yi tudun kafaɗa. In baya ya lotsa, kawunan ƙasusuwan nan matsowa suke yi kusa da juna, a wasu dawakin har su riƙa gogayya.

Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne kafaɗa. Doki ba shi da ƙashin nan da ya haɗa kafaɗar mutum da ƙirjinsa. Ƙafafunsa na gaba ba su haɗu da gangar jiki ta ƙashi ko ɗaya ba, ƙirjin a rataye yake tsakaninsu da tsoka zalla, kamar jariri a majanyi. Kuma wajen kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a gaban yake. Sirdin da ya danne allon kafaɗa da majayin da aka ja lokaci guda har ƙarshe, wannan majanyin suke murƙushewa.

Na ce masa ya ɗauki ƙashin baya a matsayin baka, tsokar ciki kuma tsarkiya. In tsarkiya ta ja, baka ya tanƙwaru sama, bayan doki ya cika ya ɗauki kaya. Wuya ma yana taimakawa: akwai wata jijiya mai ƙarfi daga ƙeya zuwa tudun kafaɗa, ta zarce bisa gadon baya, in doki ya miƙa wuya gaba da ƙasa sai ta ja bayan ya ɗago. In kuwa an ɗaga kai sama da ƙarfin linzami, tsarkiya ta saki, baka ya lotsa, sai doguwar tsokar nan ta gefen ƙashin baya, wadda aikinta motsi ne, ta koma aikin dako. Ita ce na ji ta kamar igiyar guga. Baba ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce shekara arba'in yana wanke bayan doki bai san abin da yake wankewa ba.

Tausar

Makon farko da na biyu ba sirdi, ba hawa. Ina zuwa sau uku a mako da sassafe, kowane zama minti 40 ko ƙasa da haka in dokin ya gaji da ni. Baba ya kawo shawara biyu. Ta farko a yi lalas a kan ƙullin, na ce a'a, ƙuna ba ta kwance tsoka, sabon ciwo kawai za a ƙara. Ta biyu a gasa bayan da tsumma da ruwan ɗumi kamar yadda ya gada, wannan kuwa na karɓa hannu biyu, ta zama mabuɗin kowane zama.

Bayan gashi sai shafa: tafin hannu a buɗe, dogon ja, bin kwanciyar gashi, har fatar ta yi ɗumi dokin ya daina zargin hannun. Sannan matsa da gindin tafi, a danna a saki a danna a saki, kamar mai cuɗa ƙullin alkaki, daga bayan kafaɗa zuwa kuturi, ana kauce wa ƙashi. Inda aka sami ƙulli sai a ɗora babban yatsa a tsaya, da ƙarfin da dokin zai iya ɗauka ba tare da ya lotsa ba, a ƙirga ashirin ko talatin, sannan a murza a gicciye da zaren tsokar. Wannan tsari na matsa da dannawa da murzawa a gicciye wani Ba'amurke ne, Jack Meagher, ya yi suna da shi, wanda ya yi aiki da dawakin ƙungiyar Amurka a gasar Olamfik ta 1976. Ƙasan gwiwa ba a tausa, don daga gwiwa zuwa kofato doki ba shi da tsoka, jijiyoyi ne da ƙashi.

Ƙarfi ba shi ne gwaninta ba a wannan aiki. Samarin barga suna ganin in ba su sa doki ya yi nishi ba ba su yi komai ba. Dokin ne ke faɗa maka. In ya ɗaga kai, ya ƙame ido, ya daina numfashi, ka yi yawa. In ya lumshe ido, leɓen ƙasa ya saki, ya fara lasa da tauna ba komai a bakinsa, ya yi hamma, to ka samu. Bikilin bai ba ni hamma ba sai a zama na huɗu, kuma a ranar ne ya bar ni na taɓa bayan gwiwar hannunsa.

Kowane zama muna rufewa da miƙa jiki. Ana riƙe guntun karas a ja hankalinsa ya kai baki ƙirji, ya kai tsakanin gwiwoyi, ya kai gefen ciki hagu da dama, ya riƙe daƙiƙa kaɗan kafin a ba shi. Wasa ne a ido, amma binciken da wata likitar dawaki, Hilary Clayton, da abokan aikinta suka fitar a 2011 ya nuna wata uku na irin wannan motsi yana ƙara kaurin ƙananan tsokokin da ke riƙe gaɓoɓin baya. Sai kuma a sosa tsakiyar ciki da yatsu, doki ya ɗago baya da kansa. Ranar farko bayan bikilin ko motsi bai yi ba.

A ƙarshen mako na biyu ina danna bayansa ba ya lotsawa. Alhaji ya yi murna, ni ma na saki jiki fiye da yadda ya kamata, ban ce a ɓoye sirdin ba. Ranar Asabar ɗansa na fari ya ɗaura shi ya tafi hawan angwancin abokinsa, sa'a uku. Litinin na tarar da dokin ya koma gidan jiya, har da sabon kumburi mai zafi a hagu wanda ya hana ni taɓa wurin kwana biyar, sai ruwan sanyi. Haushi na ji sosai, amma wannan ɓarnar ta yi mini abin da bakina ya kasa. Alhaji ya gani da idonsa cewa aikin mako biyu sirdin ya rushe shi a yammaci ɗaya. Tausa tana kwance tsoka, tana rage ciwo, tana sa doki ya yarda da hannu. Ba ta gyara katako, kuma ba ta gina tsokar da babu. Duk mai tausar da ya ce maka hannunsa kaɗai ya isa, kuɗinka yake so ka riƙa kawowa duk wata.

A makon nan muka lanƙwasa waya a bayan dokin wuri uku, muka zana siffar a kwali, muka kai wa wani mai sassaƙa sirdi da 'yan kayan doki na kasuwar Kurmi suka haɗa mu da shi. Ya yi gajere, mai tsukakken gaba daidai kafaɗar, da rami a tsakiya yadda ba abin da zai taɓa ƙashin baya. Kuɗinsa bai kai na jalalar da ake rufe shi da ita ba.

Horon fili

Saura mako shida babbar Sallah muka fara fita da asuba zuwa wani fili mai rairayi a hanyar Ɗorayi. A nan na ɗauko abin da Turawa ke kira diresaj. Kalmar Faransanci ce, ma'anarta horo kawai. Yau wasa ne na gasa, yana cikin Olamfik tun 1912, ana yinsa a fili mai mita 20 a 60, alƙalai suna ba kowane motsi maki daga 0 zuwa 10. Amma asalinsa horon dokin yaƙi ne, kuma tun wajen shekara 2,400 da suka wuce wani jarumin Girka, Zenofon, ya rubuta cewa abin da aka tilasta wa doki ba ya yin kyau. Jamusawa sun jera matakansa shida: daidaiton taku, sakin jiki, yarda da linzami, turi daga baya, miƙewa sak, sannan tattara jiki. Mu na farko uku kawai muke nema.

Na auna fili mita 20 a 40 da duwatsu. Mako guda ba mahayi, doguwar igiya ce da ragama, yana zagaya ni a tafiya da sassarfa, minti goma kowane hannu. Na jera itatuwa huɗu a ƙasa yana tsallakawa, dole ya duba ƙasa, ya sauke wuya, ya ɗaga ƙafa. Sannan muka ɗora ƙaramin ɗan Alhaji, yaro ɗan shekara 16 mai kilo 55 da hannu mai sanyi, da sabon sirdi da linzamin folo mai gaɓa a tsakiya.

Linzaminmu na gargajiya yana da harshen ƙarfe da ke tokare ganɗa da zobe da ke zagaye haɓa. An yi shi ne don mayaƙi ya tsayar da doki da hannu ɗaya cikin ƙiftawar ido, kuma a hannun gwani da ɗan yatsa ake sarrafa shi. A hannun wanda ke riƙe kansa da linzami kuwa azaba ce. Bikilin ya saba da ita har ya zama ko an saki linzamin kansa na sama yana jiran zafi. Kwana tara muka yi kafin ya gane in ya miƙa wuya ba abin da zai same shi. Ranar da ya yi, a tsakiyar da'ira, ya yi wani dogon huci ta hanci, bayansa ya ɗago, yaron ya ce, "Malam, ya ƙara tsawo!" Sawun ƙafar baya ya fara faɗawa cikin na gaba.

Daga nan aikin maimaici ne: tafiya, sassarfa, tafiya, tsayawa, ja da baya taku uku, da ƙafa da zama ake nema kafin hannu. Da'ira babba, sauya hannu, hagu ta fi yawa don can ne taurin. A mako na biyar muka fara tafiyar kafaɗa a ciki, wadda wani Bafaranshe mai horar da dawaki, La Gerinyer, ya tsara a ƙarni na 18: doki yana bin layi amma gabansa ya ɗan karkato ciki, ƙafar baya ta ciki tana shiga ƙarƙashin ciki. Tausa ta koma sau biyu a mako, Baba yana yin ɗaya ina yin ɗaya. Gero aka rage, harawa da ciyawa aka ƙara, aka kuma zuba masa a ƙasa maimakon kwando a rataye.

Wata safiya Alhaji ya zo filin ya tsaya a jikin mota yana kallo. Da muka gama ya ce, "Malam, ni dokin hawa na saya. Wannan da ke tafiya kai a ƙasa kamar jakin kai taki, wa zai kalle shi a Ƙofar Kudu?" Ban ga laifinsa ba. Hawa ado ne, kuma tun da UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun gadon duniya a 2024 idon da ke kansa ya ƙaru. Na nuna masa a waya wani farin doki na makarantar hawa ta Biyana, babban birnin Ostiriya, yana sassarfa a wuri ɗaya. Ya ce ai wannan rawar dokinmu ce. Na ce ya dubi kuturin. Na Biyana ya sauke ƙugu, ƙafafun baya sun shiga ƙarƙashinsa, wuya ya tashi ne tun daga kafaɗa, linzami kusan a sake. Namu da yawa ƙaimi ne ke cewa tafi, linzami na cewa tsaya, doki ya rasa inda zai sa kansa ya yi ta dira a wuri ɗaya, baya a lotse, baki na kumfa da jini. Daga nesa kamarsu ɗaya. Akwai tsofaffin mahaya a garin nan da dawakinsu ke rawa ta farkon, ba su taɓa jin kalmar diresaj ba, sai dai ba su da yawa kuma ba a tambayarsu. Na ce masa sauke kan nan tsani ne, in baya ya yi ƙarfi kan zai tashi da kansa, amma ba a wannan Sallar ba.

Maganar da ta fi wuya ita ce ta nauyi, kuma Baba ne ya faɗe ta, ba ni ba. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, dokin nan na yaro ne. Kai sai ɗan Sudan." Alhaji bai amsa ba, ya shiga mota. Bayan kwana goma aka sauke wani ƙaton hurde a bargar.

Ranar Daushe da bayanta

Ba a fitar da bikilin ranar idi ba. Ranar Daushe yaron ne ya hau shi, da sabon sirdi da jalala da kayan ado da muka rage zuwa kilo 14. Alhaji ya ƙi yarda a shiga hawa da linzamin folo, don haka muka kai na gargajiyar wurin maƙeri ya rage tsawon harshen ya goge kaifinsa, baduku ya naɗe zoben da fata. Majayi a mataki uku aka ja shi, ana zagayawa da dokin tsakani. Na roƙi yaron abu biyu: duk inda aka tsaya jira ya saki linzami, kuma kada ya yi zamiya a kan kwalta. Na farkon ya cika. Na biyun kuwa, da aka zo jafi jini ya ɗebe shi, na gani da idona.

Washegari da safe na je. Zafin jiki daidai, ƙafafu ba kumburi, gumin da ya bushe a bayansa ya kwanta bai ɗaya daga gaba zuwa baya, babu busassun tsibirai irin na wurin matsi. Kwankwason hagu ya ɗan yi tauri, ya kwanta bayan zama biyu. Ramukan gefen kafaɗa sun ragu amma ba su cike ba, wannan aikin wata shida ne ko fiye, in an ci gaba da fita fili sau huɗu a mako. Farin gashin yana nan, kuma ba zai tafi ba.

Har yanzu in aka zo masa da majayi ta hagu yakan kwantar da kunne ɗaya, ko da yake ya daina kai baki. Baba ya koma ɗaura masa ta dama. Tsohon sirdin kuma, da na leƙa bargar watan jiya, na gan shi a bayan hurden. Na sa hannu a ƙarƙashinsa, gaban ya zauna daidai, amma bayan ya wuce haƙarƙari na ƙarshe da yatsa uku. Na gaya wa Baba, ya ce shi ma ya auna, yana jiran ranar da Alhaji ke cikin nishaɗi.